Firintoci Huɗu, Sunansu Ɗaya

Da za a ce a fito da mutum ɗaya a unguwar nan wanda bakinsa bai taɓa furta "ban sani ba" tun da ya iya magana, ba sai an sha wahalar nema ba, Sabon-Yayi za a turo gaba. Sunan ma bakinsa ne ya jawo masa. Ko ruwa ka miƙa masa a kofi sai ya juya kofin ya ce, "Wannan ai tsohon yayi ne, yanzu an daina irinsa." Sannan ya shanye, ya miƙo a ƙara masa.

Aiki kuwa ya taɓa iri-iri, kuma kowanne a faɗarsa shi ya ajiye da kansa, don mutanen wurin ba su waye ba. Matarsa Auta, baiwar Allah mai haƙuri, ita ke riƙe da gida da keken ɗinkinta, shi kuma yana riƙe da bayani.

Mahaifiyar Auta, wadda kowa ke kira Hajiya, tana da bene a bakin titi da ta zuba masu haya. A ƙasa akwai kantin magani da shagon mai hoto, a sama akwai ofishin lauya da na likitan haƙori. Su huɗun suna jan intanet ne daga akwati ɗaya da ke wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala, kuma kowa da firintarsa. Wani dattijon mai gyara ne ya haɗa musu tun da daɗewa. Ya ja kebul daga kowace na'ura zuwa akwatin, ya rubuta wa kowace firinta lambarta mai ɗigo-ɗigo a jikin salatif ya manna mata a goshi. Ka shigar da lambar a kwamfutarka sau ɗaya, shi ke nan, ta san tata, ba ta kallon ta maƙwabci. Da tsufa ya kama dattijon ya koma wurin 'ya'yansa, mabuɗin ɗan ɗakin ya dawo hannun Hajiya.

Auta ta yi ta zarya tana roƙon a ba mijinta aikin kula da ɗakin, har Hajiya ta ce a turo mata shi. Ya zo ya durƙusa daga bakin ƙofa, kai a sunkuye, kamar wanda bai iya ƙirga yatsunsa ba.

Hajiya ta ce, "Ga mabuɗi. Idan wata ya ƙare masu haya ba su kawo min ƙararka ba, ɗakin ya zama naka, ka kafa allo da sunanka, ka riƙa karɓar aikin waje. Amma abu ɗaya: abin da ka tarar yana tafiya, ka bar shi ya ci gaba da tafiya."

"In Allah ya yarda, Hajiya."

Suna fita ya dubi Auta ya ce, "Kin ji da kunnenki ko? Cewa ta yi in gyara komai."

"Abban yara, ni ba haka na ji ba."

"Ai manya ba sa fitowa fili. Sai mai hankali ke ganewa."

Washegari ya buɗe ɗan ɗakin, ya ga kebul sun yi tsibi kamar saƙar gizo, ya dafe ƙirji ya yi salati. Nan da nan ya tara masu haya a gindin matakala, yana kaɗa mabuɗi a yatsa.

"Jama'a, an cuce ku. Duniya ta yi nisa ku kuna nan ɗaure da igiya kamar tumaki. Yanzu firinta ita ke yin sallama. Da an kunna ta za ta yi shela a iska: ga ni, ga sunana. Kwamfuta ta ji ta amsa, wayar hannu ta ji ta amsa. Ba kebul, ba lamba, ba salatif."

Mai magani, tsoho mai tabarau kamar gindin kwalba, ya ce, "To, ɗana, in ta yi sallama a gidan da ba nata ba fa?"

"Baba, na'ura ce fa, ba akuya ba."

Lauya ya duba agogo ya ce, "Ni dai tawa ba ta taɓa yi min gardama ba."

"Barista, jaki ma ba ya gardama, amma ka sayi mota."

Likita ya yi dariya, mai hoto ya ce a gwada, aka watse. Kafin azahar Sabon-Yayi ya cire kebul kaf, ya ɓamɓare salatif ɗin goshin kowace firinta ya murje ya jefar, yana cewa ya 'yanta bayin Allah. Sai aka zo wurin suna. Kowace firinta dole a raɗa mata sunan da za ta riƙa shela da shi. Mutum na gari zai sa wa ta lauya "Lauya", ta likita "Likita", ya tafi ya ci abincinsa. Shi kuwa ya yi tunani mai zurfi. Duk wanda zai buga takarda a benen nan, ai ya kamata ya fara ganin sunan wanda ya fitar da shi daga duhu. Sai ya sa wa huɗun duka Sabon-Yayi.

Na'urorin, da yake sun fi shi kunya, ba su yarda su amsa suna ɗaya ba. Wadda ta riga farkawa ta riƙe sunan zalla, sauran suka ƙara wa kansu lamba: Sabon-Yayi na biyu, na uku, na huɗu. Ya ga haka ya ce, "Kun gani? Har sun san girman juna." Ya zaga yana rabawa: Barista kai ne na fari, Likita na biyu, mai hoto na uku, Baba na huɗu.

Ranar kam komai ya tafi daidai. Ya koma gida ya ce wa Auta ta fara tunanin launin allo.

Kashegari da hantsi aka ɗauke wuta, aka dawo da ita. Firintocin suka farka ba a jerin jiya ba, kowace ta cafki sunan da ta samu. Ba wanda ya sani, har shi mai sunan.

Wata mata ce ta fara cin karo da zamani. Ta zo shagon hoto a ɗauke ta na fasfo, ta gyara mayafi, ta tsuke baki. Mai hoto ya latsa na uku, ya zaro abin da ya fito a takarda mai sheƙi ya miƙa mata yana amsa waya. Ta duba. Baki ne wangame, haƙoran ciki sun yi baƙi, ɗaya ya rabe biyu.

"Malam, wannan ni ce?"

"Ke ce mana, Hajiya, kyamara ba ta ƙarya."

"Ni da ko murmushi ban yi ba? Ta ina ka shiga?"

A sama kuma likita ya ɗaga hoton matar a fitila yana juyawa, mara lafiya na kwance baki buɗe yana jiran hukunci. Likita ya ce, "Ikon Allah. Malam, a nan dai bakinka a rufe yake, kuma ka yafa mayafi."

A ofishin lauya wasu abokan kasuwanci biyu ne zaune, an sha fama kafin a shirya su, saura a karanta musu sharuɗɗan sulhu su sa hannu. Barista ya ja takarda daga firinta, ya gyara murya irin ta kotu ya karanta, "A girgiza sosai kafin a yi amfani. Cokali biyu safe da yamma. Idan ciki ya ci gaba da murɗawa a ga likita."

Ɗaya ya ce, "Ni za a girgiza ko shi?"

Ɗayan ya miƙe, "Wallahi duk wanda ya taɓa ni sai dai a koma kotu!"

Sharuɗɗan sulhun kuwa suna can ƙasa suna fitowa daga 'yar ƙaramar firintar mai magani, wadda aikinta buga sitika mai faɗin yatsu biyu da ake mannawa a kwalba. Ta yi ta amayo su layi-layi, suka sauko daga kanta, suka bi ƙasa, suka nufi ƙofa. Tsoho ya bi su yana naɗewa a hannu kamar mai naɗa rawani, yana ƙwala kira.

Su huɗun suka haɗu a ƙofar ɗan ɗakin, kowa riƙe da kayan wani. Sabon-Yayi ya fito ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Na san za a yi haka. Ba laifinku ba ne, hannunku ne bai saba ba."

Mai hoto ya ce, "Hannuna ne ya ɗauki ruɓaɓɓen haƙori? Ka san tsadar takardar nan kuwa?"

"Amma ka duba yadda ya fito tas. Ko Likita bai taɓa ganin haƙori da kyau haka ba."

Mai magani ya ce, "Ɗana, da ka mayar mana da igiyarmu."

"Baba, matsalarka tambaya. Zamani ba ya son tambaya. Abin da na'ura ta ba ka, karɓi ka yi godiya."

Ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Ya zauna ya zuba wa akwatin ido, akwatin ya zuba masa 'yan fitilunsa. Can sai ya gano inda cutar take: kalmar sirrin shiga intanet ɗin benen. Ina dalili, firinta tana sallama ana tsare ta a ƙofa ana tambayarta ko wace ce? Dole ta rikice. Ya cire kalmar sirrin gaba ɗaya, ya buɗe ƙofa ga kowa, ya fito yana karkaɗe hannu.

To, benen yana daf da wurin da ake jiran mota. Kafin la'asar duk mai waya a bakin titin ya ga intanet kyauta, ya kuma ga Sabon-Yayi har huɗu suna masa sallama. Jama'a kuwa ba sa ƙin amsa sallama. Ɗaliban da ke jiran mota suka fara turo darussansu. Wani ya turo hoton babur ɗinsa. Wata ta turo samfurin ɗinkin riga. Likita na tsakiyar cire haƙori sai ga wata budurwa ta leƙo da jaka a kafaɗa.

"Sannu da aiki, Likita. Takarduna sun fito? Babi na uku ne, na ilimin ƙasa."

"Nan asibitin haƙori ne!"

"Na sani, na duba wurin lauya ne aka ce in hawo nan. Don Allah in da hali a haɗa min da abin maƙalewa."

Mai babur kuwa a kantin magani ya sami nasa, a yayyanke cikin sitika, taya daban, madubi daban. Ya tsaya yana faɗa wai an raina masa abin hawa.

Da yamma Barista ya sauko, hannun riga a naɗe, ya ce, "Gobe da kaina zan je wurin Hajiya. Kuma magana sana'ata ce."

Jin haka, Sabon-Yayi ya koma ɗan ɗakin. Ya taɓa aljihu ya ji mabuɗi na nan. Ya mayar da kalmar sirri ba tare da ya gaya wa kowa ba, titi ya yi shiru. Saura Barista. Dabara ta faɗo masa: kafin ƙara ta isa wurin Hajiya, gara Hajiya ta iso wurin abin mamaki. Zai shirya taron buɗe sabon tsari, a gabanta ya latsa waya, hotonta ya fito daga iska. Wace suruka ce za ta ga haka ta saurari lauya?

A gida ya ce Auta ta tura masa hoton mahaifiyarta.

"Abban yara, ka san Hajiya ba ta son hoto. Wannan ɗin ma ba ta san na ɗauka ba, tana wasa da jikanta ne."

"Ba ta son hoton tsohon yayi dai."

"Ni dai ina jin tsoro."

"Shi ya sa Allah ya haɗa ki da ni."

Ya yanke jikan daga hoton, ya bar Hajiya tana dariya har kunne. A ƙasa ya rubuta da manyan baƙaƙe: MUN GODE HAJIYA, KIN SHARE MANA HAWAYE.

Da safe ya jera kujeru a farfajiyar benen. Ya gwada, ya tabbatar yau firintar mai hoto ce ta uku, ya sake gwadawa. Sannan ya cire ta daga soket, ya ɗauko ta ya ɗora a tebur a tsakiyar fili, ya shimfiɗa mata zanen Auta, ya jona ta da wuta. Wutar ma, kamar an aiko ta, ta ɗan lumshe ido ta buɗe a daidai lokacin. Firintoci suka sake farkawa, aka sake rabon suna. Shi yana can yana goge kujerar Hajiya.

Hajiya ta iso da carbinta, Auta na biye. Barista ya zauna ya harɗe hannu. Likita da mai hoto suka tsaya daga baya, masu jiran mota suka matso kallo. Mai magani ne kaɗai bai fito ba, don kantinsa ya cika maƙil da mutane.

Sabon-Yayi ya yi jawabi. Ya faro daga zamanin da ake rubutu a jikin dutse, ya biyo ta kan keken rubutu, ya yi wa dattijon mai gyara addu'ar Allah ya yafe masa. Hajiya ta ce a taƙaita, rana na yi. Ya ɗaga waya sama yadda kowa zai gani.

"Hajiya, ki dubi teburin nan. Ba igiya, ba lamba. Bismillahi."

Ya latsa na uku. Firintar tebur ba ta ko yi tari ba.

"Tana gaisawa ne da iska. A ɗan yi haƙuri."

Ya sake latsawa. Ya matsa kusa ya latsa. Ya ja baya ya latsa. Ya hau kujera ya latsa. Mai hoto ya ce ko a yi mata fifita. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce a kira sunanta, ai sunansu ɗaya, za ta ji nauyinsa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ya ci gaba da dannawa har ya daina sanin adadi.

Can firintar ta yi ƙara ta turo takarda. Jama'a suka yi tafi. Ya zaro da hannu biyu zai miƙa wa Hajiya, idonsa ya faɗa kan rubutun: a shafa bayan an fito daga banɗaki. Ya dunƙule ya cusa a aljihu.

"Wannan gwaji ne. Na gaskiyar na tafe."

Na gaskiyar kuwa ya taho, amma da ƙafa. Wani magidanci ya fito daga kantin magani riƙe da 'yar kwalba, zai wuce sai ya yi turus. Ya dubi kwalba, ya dubi Hajiya. Ya sake duban kwalba. Sai ya cire hula ya durƙusa.

"Ashe ke ce da kanki! Hajiya, Allah ya saka da alheri. Basir ɗin nan ya hana ni zama, ya hana ni tsayuwa. Sau nawa ake shafawa? Ba ki rubuta ba."

Carbin Hajiya ya tsaya. Ta karɓi kwalbar. Ga ta nan tana dariya har kunne a jikin maganin basir, an gode mata ta share hawaye.

Kafin ta buɗe baki wata mai goyo ta iso da nata. "Hajiya, na tsutsar cikin yara ma naki ne? Kafin abinci ko bayan abinci?" Wani dattijo ya ɗago maganin ƙaiƙayi daga nesa yana sa mata albarka. Barista ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Auta ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya.

Aka kira mai magani. Ya fito da ragowar sitika rataye a wuyan hannu, Hajiya a jere kamar an shuka ta.

Hajiya ta ce, "Malam, ba ka ga fuskar mutum ba kake mannawa?"

"Na gani, Hajiya. Har na ce kamar na san matar nan. To an ce min zamani ba ya son tambaya, abin da na'ura ta ba ni in karɓa in yi godiya. Na ɗauka bayanin shan yana cikin iska."

"Mutum nawa suka tafi da shi?"

"Tun da aka fara jawabi nake sallamar jama'a. Jawabin kuma ya yi tsawo."

Hajiya ta yi salati a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma dubi surukin nata ba. Ta dai buɗe tafin hannunta ta ajiye a kan gwiwa.

Sabon-Yayi ya durƙusa. "Hajiya, in an lura, hoton ya fito. Kuma daga nan har kanti babu igiya ko ɗaya."

Hannun bai motsa ba.

"Kuma ko manyan kamfanoni sai sun biya kafin fuskarsu ta shiga gida-gida haka."

Auta ta ce daga cikin mayafi, "Abban yara, don girman Allah ba ta."

Ya laluba aljihu, ya zaro mabuɗi tare da dunƙulalliyar takardar banɗaki, ya raba su da ƙyar, ya ɗora mabuɗin a tafin hannunta. Ta ƙulle shi a bakin zane.

Sannan ta ce, "Fuskata ba komai ba ce, ƙasa za ta ci. Amma bayin Allah sun tafi da magani ba su san yadda za su sha ba, haƙƙinsu kuma yana wuyanmu. Malam zai rubuta bayanin kowa da hannunsa, ya kwatanta maka masu shi. Ka ce na'ura ke nemo 'yar'uwarta. To yau kai za ka nemo. Gida-gida, ka yi sallama, ka faɗi sunanka, ka ɓamɓaro ni, ka manna musu na gaskiya. Kada ka dawo min da saura ko ɗaya a waje."

Mai magani ya fara kwatance: akwai mai gyaran takalmi a bayan makaranta, akwai wata doguwa mai tari da ta hau mota, bai san inda ta nufa ba, akwai wani mai jar hula da ba ya ji sosai kuma yana da kare.

Sabon-Yayi ya karɓi takardun ya nufi bakin titi, rana ta take tsaka. Auta ta biyo shi da ruwa a gora. Ya karɓa, ya waiwaya ya tabbatar Hajiya ba ta ji, sannan ya rage murya.

"Kin ga abin da nake gaya miki? Ɗaki ɗaya ya yi min kaɗan. Ga shi ta damƙa min gari gaba ɗaya."

Auta ta ce, "Allah ya taya riƙo. Ka fara da mai karen."